Tambaya da Amsa: Zuba Sifirit a Gaɓoɓin Fiyano

Tambaya: Ina kula da fiyanon makarantarmu a Jos. Tun da damina ta kankama wasu maɓallan suke nauyi, idan an danna ba sa saurin dawowa. An ce in ɗiga sifirit a cikin injin. Gaskiya ne, ko ɓarna zan yi?

Amsa: Malam, gaskiya ne, amma ruwan da ake haɗawa da sifirit ɗin shi ke yin aikin. Kowace guduma da ke bugun waya a injin fiyano tana juyawa ne a kan siririn fil na ƙarfe, kaurinsa wajen milimita 1.3, wanda ke zaune cikin ramin katako da aka shimfiɗa wa ƙyallen ulu; wannan wurin ne gaɓa. Laima tana kumbura ulun da katakon, su matse fil ɗin. Idan aka jiƙa wurin, ulun yana ƙara kumbura ya danne kansa a jikin fil, in ya bushe sai ya tsuke ya bar sarari. Sifirit shi ke kutsawa da ruwan ciki, ya kuma sa ya bushe da wuri.

Fara tabbatar da inda matsalar take. Ɗaga gudumar da yatsa, ka danna maɓallin shi kaɗai. In har yanzu yana makalewa, laifin na maɓallin ne, ka bar gaɓoɓin. In ba haka ba, kwance guduma ɗaya tare da katakon da take juyawa a kai, ka riƙe katakon, ka ɗaga gudumar ka sake ta. Lilo biyar zuwa bakwai daidai ne. Biyu ko uku, ta matse.

Haɗa kashi huɗu na sifirit mai ƙarfi da kashi ɗaya na ruwa mai tsabta. Duba kwalbar tukuna: wanda aka rubuta wa 70% ya riga ya ɗauki ruwa kashi 30 cikin ɗari, kada ka ƙara masa. Da sirinji za ka ɗiga, ɗigo ɗaya a kowane gefen fil. Nan take gaɓar za ta fi da tauri, kada ka tsorata, kada kuma ka ƙara. Bar ta ta kwana, ka sake gwajin lilo. Gwada a gaɓoɓi uku kafin ka taɓa duka 88.

Ruwa in ya yi yawa, ulun yana tsukewa fiye da kima, gudumar ta riƙa karkata tana ƙara, har gam ɗin da ke riƙe da ulun ya saki. Wannan ba ya gyaruwa sai an canza fil da wanda ya fi kauri, in kuma gam ɗin ya saki sai an sake shimfiɗa ulun. Abin da ya fi damunmu a nan arewa shi ne hunturu: gaɓar da ka sassauta a watan Agusta za ta ƙara sakewa a Janairu. Saboda haka waɗanda suka makale sosai kaɗai za ka yi wa, masu ɗan nauyi ka jira rani ka gani.

Fitar da injin daga cikin fiyanon kafin ka fara, don sifirit yana narkar da shelak, wato abin da ake shafa wa katako don ya yi sheƙi. Kada ya ɗiga a kan ulun guduma, yana dusashe sauti. Buɗe tagogi, ka nisanci wuta.

Tambaya: Na ga wani koren abu mai danƙo a kan fil ɗin tsohon fiyano. Sifirit zai wanke shi?

Amsa: A'a. Tsatsa ce da ke fitowa idan maiƙon da aka sa wa katakon ya ci ƙarfen fil, an fi ganinta a tsofaffin fiyanon kamfanin Steinway. Tana lafawa ta dawo, maganinta canza gaɓoɓin. Man keke ko man fesawa na WD-40 kuma ƙura suke tarawa, su ƙara daskarar da wurin.