Ga 'yar uwar da ta ce gajiya ta hana ta jin daɗin yaranta

'Yar uwa, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce yaranki uku, ƙaramin ko wata biyu bai cika ba, daga asuba har dare wanki ne da rabon faɗa da "Mama kin ga wane ko", har kina tambayar kanki wai ina daɗin da ake cewa ana ji da yara. Na san gajiyar nan sarai. Nawa huɗu ne, babbar shekararta 14, autan yana cikin ta 4.

Na daɗe ina jiran ranar da gida zai yi tsit sannan in ji daɗinsu. Ranar ba ta zuwa. In kin ji tsit, ko dai barci suke ke ma kin zube, ko kuma ɓarna suke miki a wani lungu.

Wata rana ina shanya, autan ya riƙe gefen rigata yana ta "Mama zo ki gani". Sau uku ina ce masa ina zuwa. A na huɗun na bi shi a fusace, ashe jerin tururuwa ne suna jan fiffiken wani ƙwaro da ya fi su girma nesa ba kusa ba. Ya ɗora yatsa a baki, wai in yi shiru kar su tsorata. Muka tsuguna, kansa a kan gwiwata, yana ba su umarni ƙasa-ƙasa: "Ku ja, ku ja, saura kaɗan." Bai fi minti biyar ba. Na koma na tarar da wankina inda na bar shi, amma har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

Daga ranar na rage cewa "ina zuwa". Ba kullum nake iyawa ba, kar in yi miki ƙarya, akwai ranakun da tsawa ce kawai ke fita daga bakina, dare ya yi in kwanta ina jin haushin kaina.

Jaririn naki kuwa, ki zuba ido, a wajen sati 6 zuwa 8 ne suke fara murmushi na gaske, wanda ke yake yi wa, ba na cikin barci ba. Sau da yawa ana tsaka da canza masa kunzugu yake zuwa. Wajen wata 8 ko 9 ki rufe fuska da tafin hannu ki buɗe, zai ƙyalƙyale kamar bai taɓa gani ba, ko sau ashirin kika yi. Manyan kuma in sun nace sai labarin jiya za ki sake ba su, kar ki ƙosa, da maimaicin suke kama kalmomi. Ni da gangan nake karkatar da ƙarshen labarin, sai su taso min gaba ɗaya: "Ba haka ba ne, Mama!" Wannan gardamar ta fi min labarin daɗi.

Wayar hannu ma na rage ɗaga ta. Kafin in buɗe kyamara abin ya wuce, yaron ya ga ana ɗaukarsa ya daskare.

Abin da ke ɗan sosa min rai shi ne babbar. Na tuna ranar da haƙorinta na farko ya faɗi tana shekara 6, ta yini tana tura harshe cikin giɓin tana nuna wa kowa. Amma ranar da ta yi min "Mama zo ki gani" na ƙarshe, ban san ta ba, ta wuce ina cikin aiki. Yanzu ɗaki take shigewa ta ja ƙofa. Shekaranjiya da dare ta fito ta zauna kusa da ni ina ninke kaya, ba ta ce komai ba, ta ɗauki safa tana haɗa min ƙafa da ƙafa. Na rage sauri don kar kayan su ƙare da wuri.