Amsa ga mai tambayar dutsen da zai fara hawa a Suwizalan

Ɗan'uwa, ka ce karatu ya kai ka Zurich, ba ka taɓa hawan dutse ba, kana tambayar inda za ka fara da kuma ko takalmin motsa jiki ya isa. Ni dai Ebenalp zan ce maka, a yankin Appenzell. Ka canza jirgin ƙasa a Gossau zuwa Wasserauen, daga nan jirgin da ke rataye a igiyar ƙarfe ya ɗaga ka zuwa kusan mita 1,590.

Takalmin nan kuwa bai isa ba, nemi mai haƙora a ƙasa. Hanya mai alamar rawaya ta kowa ce, amma da ka ga fenti fari da ja da fari a jikin dutse, ka shiga hanyar dutse ta gaske. Mutane kan hau sama a jirgi, su ga abin ya zo da sauƙi, sai su ce bari su gangara ta gidan baƙi na Äscher zuwa tafkin Seealpsee. Gangaren nan ya ci rayuka, kuma in an yi ruwa santsinsa ba wasa. Ni na fi son in faro daga ƙasa da sassafe, in bi ta tafkin in hau da ƙafa, in gwiwa ta gaji in sauko a jirgi. Haki ya fi zamewa sauƙi. Lambar masu ceto 1414 ce, ajiye ta a waya.

Kafin Äscher, in daga sama ka fito, hanya ta ratsa cikin kogon Wildkirchli. A nan Emil Bächler ya tono kayan aikin dutse na Neanderthal, wani jinsin mutanen zamanin da can, a 1904, ga ƙasusuwan wata dabbar kogo da ta ƙare tuni. Masu ibada kuma sun zauna wurin su kaɗai daga 1658 har 1853. Jama'a na wuce shi da sauri don ɗaukar hoton Äscher, ni kuwa kogon ya fi burge ni.

Ka sani yankin Ebenalp wurin kiwo ne, masu shi na nan suna aiki. Farkon bazararsu suke kora shanu sama, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba su sauko da su, kamar dai yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari su dawo. Yara na gaba da fararen awaki, makiyaya sanye da wando rawaya da falmaran ja, sannan shanu uku masu manyan ƙararrawa. In ka iya, daidaita tafiyarka da ranar saukowar. A bukkokin da ke bakin tafkin ana sayar da madara da cuku. Duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe ta, kuma kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta.

Dutsen Säntis mai tsayin mita 2,502 kuwa, bar shi tukuna sai ƙafarka ta saba.