Fara ta mutu, Duna ya tsufa: amsar likitan dabbobi ga wani mai lambu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a gefen Funtuwa, ina da lambun mangwaro da karnuka biyu masu yi mini gadi, Duna da Fara. Fara ta kai shekara 10. Kamar wata ɗaya da rabi bayan ta gama barbara sai ta kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, cikinta ya kumbura, wani ruwa mai wari yana fita ta bayanta. Na ba ta kafso ja da yalo da farasitamol, kwana shida ta mutu. Duna kuwa shekararsa 12. Da ƙyar yake tashi da asuba, idonsa ya yi shuɗi-shuɗi, ya rage cin tuwo, da dare kuma ya yi ta kuka. Wani ya ce in kai shi daji in saki. Ranar da na binne Fara har hawaye na yi, abokai suna ta dariya wai kare ne fa. Ni na kashe ta da magani? Me zan yi wa Duna?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba ka haƙuri, Ya mayar maka da alheri.

Da maganar Fara zan fara, don na ga ita ce ke cin ka. Ban duba ta ba, amma alamun da ka lissafa, da shekarunta, da lokacin da abin ya zo, duk sun yi daidai da ciwon da muke kira tarin mugunya a mahaifa. Duk sanda karya ta gama barbara, jikinta kan ci gaba da fitar da sinadarin riƙon ciki na kusan wata biyu, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba. Wannan sinadari yana sa bangon mahaifa ya yi kauri, ya tara danshi. Shekara bayan shekara kaurin yana ƙaruwa, sai ƙwayoyin cuta da suka shiga lokacin da bakin mahaifa ke buɗe su samu wurin zama. Mahaifar ta cika da mugunya kamar salka, gubar ta bi jini ta taɓa ƙoda, shi ya sa ka ga tana shan ruwa kamar ba gobe. Yawanci mako huɗu zuwa takwas bayan barbara abin ke bayyana, kuma tsofaffin karnuka mata ya fi kamawa.

Maganinsa na gaskiya tiyata ce, a cire mahaifar, tare da ƙarin ruwa da allurai. Kafso ba ya wanke mahaifar da ta cika da mugunya. To mafi yiwuwa ciwon ne ya zama ajalinta. Amma ba zan rufe ka ba: kwana shidan nan su ne damar da take da ita, kuma da an kai ta asibiti da wuri da an gwada. Ko a hannunmu ma karya mai shekara 10 da gubar ta kai ƙoda ba kullum take tashi ba. Ka ga ba ta da lafiya, ka ba ta abin da ka san ana ba mara lafiya. Wanda bai damu ba ko kallonta ba zai yi ba.

Yanzu ga Duna, wanda yake da sauran numfashi. Lissafin nan na shekarar kare ɗaya daidai take da bakwai ta mutum ba daidai yake ba, domin kare kan balaga tun bai cika shekara biyu ba, sannan manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa. Karenmu na gida mai matsakaicin jiki, daga shekara 7 zuwa 8 muke sa shi cikin dattawa. Mai 12 kuwa ya yi nisa, kuma kai shi nan da ka yi a lambu, ga kaska ga macizai, shaida ce ta riƙo mai kyau.

Kuskuren da na fi gani shi ne a jingina komai ga tsufa a naɗe hannu. Wahalar tashi da asuba, wadda ke sassautawa idan ya ɗan taka rana ta ɗaga, alamar amosanin gaɓɓai ce, wato guringuntsin ƙugu da gwiwa ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. Ciwo yake ji. Kare ba ya raki irin namu. Sai dai ka ga ya daina tsallake kwata, yana jinkiri kafin ya kwanta, cinyoyin baya sun zube, ko ya yi maka gurnani idan ka taɓa ƙugunsa. Sanyin hunturu da kwanciya a kan siminti suna ƙara masa.

Abin da za ka iya yi yau ba ya cin kuɗi. Ka samo tsohuwar katifa ko buhu biyu ka cusa musu tsummoki, ka shimfiɗa masa a rumfa inda iska ba ta kaɗawa. Ka guji yashi mai inuwa da fitsari ko kashi ya taɓa, don a nan wani ƙuda yake saka ƙwai, tsutsar ta huda fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, kuma kare mai yawan kwanciya ta fi samu. Idan kana ɗaure shi da sarƙa wuni guda, ka daina, gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take yi. Ka zaga lambu da shi a hankali safe da yamma, minti goma ko sha biyar, shi zai nuna maka inda ya gaji. Ka duba faratansa, don karen da ya rage yawo faratansa kan yi tsawo su karkatar da tafin ƙafa. In bazara ta zo kuma, inuwa da ruwa kusa da shi, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, tsoho kuwa zafi kan kayar da shi da wuri.

Sai maganin ciwo, kuma a nan zan ja kunne. Kada ka shiga kemis ka sayo masa ibuprofen ko diclofenac ko wani haɗin ciwon jiki. Jikin kare ba ya fitar da su yadda namu ke yi, sai su ƙona masa ciki su lalata ƙoda. Ka san Indocid da mutane ke barbaɗa wa ɓera a abinci? Danginsu ɗaya. Farasitamol ma in ya yi yawa yana taɓa hantar kare, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Akwai magungunan da aka auna don karnuka, irin su meloxicam da carprofen, ana ba da su gwargwadon nauyi, kuma ga mai shekarun Duna ya fi kyau a gwada jini a ga halin ƙoda da hanta tukuna. Idan an fara ba shi sai ka ga amai ko kashi baƙi kamar kwalta, ka tsayar ka koma wurin likita. Na sha ganin karen da aka ce ya gama yawo, mako guda da fara maganin da ya dace ya fito tarar maigidansa a bakin ƙofa. Kai da kake Funtuwa, in asibitin dabbobi na kusa ba su da kayan gwaji, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi maka nisa ba. Ka gaya musu duk abin da ka taɓa ba shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Rage cin tuwo kuwa, ka fara da duba baki. Babban kare yana da haƙora 42, kuma a wannan shekaru da wuya a rasa mai girgiɗi ko dasashi mai kumburi. In ka ɗaga leɓensa ka duba launin dasashin. Ja-ja mai haske shi ne lafiya. In ya yi fari kamar takarda jini ya yi ƙasa, kuma a ƙasarmu cututtukan da kaska ke sakawa ne farkon abin zargi. Ka riƙa jiƙa masa tuwon da romo mai ɗumi, ka ƙara dafaffen ƙwai ko kifi da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana. Ban da albasa da tafarnuwa, suna fasa ƙwayoyin jininsa. Ban da dafaffen ƙashi, ban da goro da cakulan da inabi.

Abu biyu nake so ka auna kafin ka je asibiti. Na farko ruwa: kare mai kilo 20 yakan sha lita ɗaya ko ɗan fiye a rana. In ya wuce lita biyu, wato ledar fiya wata huɗu, alhali ba zafi ake yi ba, to a binciki ƙoda da ciwon suga. Na biyu numfashi: in yana barci ka ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na minti ɗaya. Ƙasa da 30 ake so. In kullum ya haura, ga tari da dare, a saurari zuciya.

Shuɗin ido ba lalle makanta ba ne. Ƙwayar idon tsohon kare kan yi tauri ta yi hazo-hazo, amma yana gani. Yanar ido ita ce fara fat kamar madara. Ka saki ɗan dunƙulen auduga ta gabansa, in ya bi ta da kallo da sauran gani. Ko ma ya ragu, hancinsa ya haddace lambun nan, kada dai a riƙa sauya masa wurin kwano da shimfiɗa. Ka kuma gargaɗi yara kada su taɓa shi yana barci, tsohon da kunne ya yi nauyi in ya firgita yakan kai cizo.

Kukan dare yana iya zama ciwo ne, yana iya zama gigin tsufa, don karnuka ma suna yin sa, ka ga kare ya tsaya yana kallon bango ko ya juya dare ya zama rana. Yana kuma iya zama kewar Fara, shekara goma suna kwana wuri ɗaya. Mukan fara da kashe ciwon mu ga abin da ya rage. Sai dai duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, muryarsa ta canza, yana dalalar da yawu, kada a sa masa hannu a baki, a killace shi a kira ma'aikatan dabbobi. Tsufa ba ya ɗauke allurar haukan kare ta shekara-shekara, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato ke cikin masu yin ta.

Shawarar a kai shi daji kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Karen da ba ya iya tashi da kyau, ƙishirwa ce za ta kashe shi a hankali, ko wasu karnuka su yayyaga shi, yana ta neman hanyar gida. Haka guba, mutuwar azaba ce. Ka rataye kalanda, ranar da ya ci, ya tashi da kansa, ya kaɗa maka wutsiya ka yi mata alama, ranar da bai yi ba ka bar ta. In munanan ranaku suka rinjayi masu kyau duk da magani, ya daina ci, yana kwance cikin fitsarinsa, akwai allurar da likita ke yi ta jijiya, ya yi barci cikin daƙiƙoƙi zuciya ta tsaya. Hukuncin yin haka ka tattauna da malamin da ka yarda da shi tun yanzu, kada sai ranar ta zo. In an yi, a haƙa rami mai zurfin aƙalla mita ɗaya, nesa da rijiya, domin maganin yana nan a jikin gawar, ungulu ko karen da ya tono ya ci zai iya mutuwa.

Hawayenka kuma, Malam, Bahaushe ya riga ya ce sabo ake yi wa kuka. Shekara goma kana isa lambu ana tarar ka da murna, kana barci a gida wata tana kwana a farke saboda dukiyarka. Masu dariyar sun san kare a bola, kai ka san Fara. Na ga mafarauta masu taurin rai sun juya baya suna share ido a asibiti, ba ɗaya ba ba biyu ba. Addini ya yarda da karen gadin gona da na kiwo da na farauta, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Ba sai ka yi musu da kowa a majalisa ba. Ka samu mutum ɗaya da ya taɓa riƙon dabba, doki ne ko rago, ka ba shi labarinta. Yaran gida kuma a faɗa musu ta mutu, kada a ce ta ɓata su yi ta jira. Makonnin farko za ka riƙa jin kamar motsinta a bayanka, wannan yana raguwa. In aka yi watanni barci da abinci da aiki sun gagara, to kai ma ka ga likita.

Na san mangwaro zai nuna kuma lambu na bukatar mai gadi, Duna kuwa ya yi ritaya. In za ka kawo ɗan kwikwiyo, ka jira har maganin ciwon ya kama Duna, ka raba musu kwano da wurin kwana, don ƙaramin zai dame shi da wasa ya kuma cinye masa abinci. In mace ka samo kuma ba ka da niyyar ta haihu, ka yi magana da likita a cire mata mahaifa tun tana ƙarama.