Sun ce sai na ƙara kuɗi kafin su saki nawa, in biya?

Tambaya: Malam, ina da shago a Kasuwar Wuse. Na zuba kuɗin sari a wata manhajar kirifto da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Yanzu sun rufe cirewa, wai sai na sa dala 200 na tantancewa. Maiɗakina ta ce za ta sayar da sarƙarta. Barci ya gagare ni. In biya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Kada ka biya ko sisi, ka kuma bar wa baiwar Allah sarƙarta.

Maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kullum sai na ji ta: "Ai na riga na zuba da yawa, ba zan bar shi saboda dala 200 ba." Wane kuɗi za ka bari? Abin da kake gani a fuskar waya lambobi ne da suka rubuta da hannunsu. Kuɗinka tuni aka raba wa waɗanda suka riga ka shiga, sauran aka kwashe. Ba a rufe cirewa sai tukunya ta ƙone, kuɗin tantancewa kuwa kankare ƙanzo ne. Haka aka yi da wata manhajar kirifto mai suna CBEX a Afrilun 2025, aka ce kowa ya sa dala 100 ko 200. 'Yan MMM ma, wani tsarin zuba kuɗi mai alkawarin riba mai yawa, an daskarar musu da asusu a Disambar 2016, suka yi ta jiran Janairu.

Za ka ce wani a gurup ya biya an sakar masa. Ka san shi? Hoton alat kowa na iya haɗawa, shugaban gurup kuma kamasho yake ci a kan kowane mutum da ya kawo. Takardar hukumar CAC da suke nunawa rajistar kamfani ce kawai. Izinin karɓar jarin jama'a daga SEC, hukumar da ke sa ido kan harkokin zuba jari, yake fitowa.

Ka adana rasit, lambar asusun da ka tura wa kuɗi da duk hirarku. Ka sanar da bankinka yau, ka kai koke a rubuce ofishin EFCC da ke Jabi. Binciken yana jan lokaci, kada ka ci bashi da sa ran za a dawo da wani abu. Masu cewa za su ƙwato maka idan ka ba su kafin alƙalami, su ma ɓarayi ne.

Sannan ka je wajen dilan da ke ba ka kaya tun bai ji a bakin wani ba, ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan.