Tambaya da Amsa: Sabon Shiga da Injin Yankan Itace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne daga yankin Saminaka, kuma ina shirin sayen injin yankan itace domin in riƙa yanka itacen girki ina sayarwa bayan girbi. Akwai kuma wata tsohuwar darbejiya da ta karkata kan katangar gidana, wadda nake son in kayar da kaina. Mai shago ya ba ni shawarar in ɗauki Stihl 070, ya ce shi ne na ƙwararru. Ban taɓa riƙe irin wannan inji ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne cewa Stihl 070 shi ne injin da masu tsaga katako suka fi sani a dazuzzukanmu, amma ba da shi ake koyo ba. Girman injinsa ya haura cc 100 (cc ma'aunin girman inji ne), nauyinsa ya wuce kilo 10 tun kafin a ɗaura masa ruwan zarto (dogon ƙarfen da sarƙar yanka take zagayawa a kansa) da sarƙa, sannan tsohon ƙira ne wanda galibi ba shi da birkin sarƙa. Ga mai yanka itacen girki, ƙaramin inji mai cc 35 zuwa 50, da ruwan zarto mai inci 14 zuwa 16, ya wadatar, kuma sharaɗin da ba zan sassauta maka ba shi ne ya kasance yana da birkin sarƙa mai aiki. Birkin nan shi ne abin kare hannu da ke tsaye a gaban hannun hagu, wanda idan aka tura shi gaba sarƙar take tsayawa cak. Ka gwada shi a gaban mai shago kafin ka biya, domin jabun injuna masu ɗauke da sunan Stihl ko Husqvarna sun yi yawa a kasuwa.

Dalilin da ya sa na nace a kan birki shi ne abin da ake kira harbin baya, wanda yake jawo raunuka mafi muni a wannan sana'a. Sarƙar tana gudu kusan mita 20 a cikin daƙiƙa guda. Idan ɓangaren sama na hancin ruwan zarton ya taɓa wani reshe, ko dutse, ko ƙusa, ko kuma itace ya matse sarƙar a wurin, haƙorin sarƙar yakan cije maimakon ya yanka, sai duk ƙarfin injin ya cilla ruwan zarton sama da baya, zuwa fuska da kafaɗar mai riƙe da shi. Wannan yana faruwa ne kafin ƙiftawar ido, babu wani mai zafin nama da zai iya kauce masa bayan ya fara. Saboda haka kariyar tana cikin yadda ka tsaya da yadda ka riƙe injin tun farko. Hannun hagu ya kama mariƙin gaba, babban yatsa ya zagaye shi ta ƙasa, gwiwar hannun a miƙe. Hannun dama ya kama mariƙin baya inda totur yake, ko da kai bahago ne, domin haka aka ƙera injin. Ka tsaya ƙafafu a buɗe, jikinka ya ɗan koma hagu ta yadda idan ruwan zarton ya yi tsalle zai wuce ta gefen kafaɗarka ta dama. Kada ka yi yanka da hancin, kada ka ɗaga injin sama da kafaɗa, kada ka hau tsani ko bishiya da shi, kuma kada ka sake shi da hannu ɗaya don ka riƙe reshe da ɗayan.

Wajen tayar da shi, za ka ga tsofaffin hannu suna riƙe injin a iska, su sake shi ƙasa tare da fizgar igiya. Kada ka kwaikwaye su. Ka ajiye shi a ƙasa mai tsabta, ka sa birki, ka zura ƙafar dama cikin mariƙin baya, hannun hagu ya danne mariƙin gaba, sannan ka ja igiya. Duk lokacin da za ka yi ko da taku biyu ne da injin a kunne, ka mayar da birki.

Koyo kuwa a kan gungumen da yake kwance a ƙasa ake yinsa, a gaban wanda ya daɗe a aikin. Abin da za ka fara koya shi ne karanta itace, wato gane gefen da nauyi ya matse da gefen da ya miƙe. Gungumen da ya tokare a ƙarshensa biyu, tsakiyarsa a iska, samansa ne a matse, don haka za ka fara ɗan yanka daga sama kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan ka ƙarasa daga ƙasa. Wanda kuma bakinsa ɗaya yake reto, ƙasansa ne a matse, sai a fara daga ƙasa a ƙarasa daga sama. Wanda ya juya wannan tsari itace zai danne masa ruwan zarto, idan kuwa hakan ta faru sai ya kashe injin ya buɗe yankan da wani abin tokarewa, ba ya tsaya yana fizga ba.

Batun darbejiyar nan, shawarata ita ce kada ka kayar da ita da kanka. Kayar da bishiya yana da ƙa'ida: ana yanke baki a gefen da ake so ta faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na kaurin gindin, sannan a yanko daga baya a bar wani ɓangare, kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin, wanda shi ne yake riƙe bishiyar yana sarrafa faɗuwarta. Mai yanka yakan share hanyar gudu ta baya a karkace, mutane kuma su nisanta da tsawon bishiyar sau biyu. To amma duk wannan a kan miƙaƙƙiyar bishiya mai lafiya ne a fili. Wadda ta karkata tana iya tsagewa a tsaye tun ba a gama yanka ba, ta daki mai aikin da gindinta, kuma tsohuwar darbejiyar cikin gari sau da yawa cikinta ya rube, jikinta cike da ƙusoshin da aka kafa shekaru, wani lokaci har da zuma a kogonta ko wayar lantarki a rassanta. Ka biya ƙwararre ya sauke ta reshe-reshe da igiya, kai kuma ka tsaya nesa ka kalli yadda yake yi. Kafin nan ka tuntuɓi ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku, domin a wurare da yawa sare bishiya yana buƙatar izini.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 yana koyon aiki a wajen wani mai injin yankan itace. Kullum da silifa yake fita, kuma idan ya dawo yakan ce kunnensa yana ƙara. Me ya kamata in saya masa?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika lura da wannan. Ƙarar da yake ji a kunne alama ce ta cewa injin ya fara yi masa illa. Ƙarar injin yankan itace tana haura desibel 100, alhali likitoci suna ɗaukar 85 a matsayin iyakar da zama cikinta tsawon yini yake fara lalata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Abin toshe kunne shi ne mafi araha a cikin kayan kariya, don haka ki fara da shi yau. Sai takalmi mai ƙarfe a baki, da tabarau na kariya, da safar hannu, da hular kwano idan suna aiki ƙarƙashin bishiya. Akwai kuma wandon kariya na musamman, wanda aka cusa wa dogayen zaruruwa da suke fita su cushe injin idan sarƙa ta taɓa shi. Yana da tsada, yana da zafi a irin yanayinmu, amma ƙafa da cinya suna cikin wuraren da sarƙa ta fi samu. Ki hana shi fita aiki da kaftani ko rawani mai jela, domin sarƙa tana kama duk abin da ke lilo. Ki kuma ja masa kunne a kan ƙwayoyin da wasu matasa ke sha wai don ƙarfin aiki, da kuma zuwa daji shi kaɗai. A aljihunsa ya kasance akwai bandeji mai kauri, ya kuma san cewa idan an yanke, ana danne wurin da ƙarfi ne ba tare da ɗagawa ba har a isa asibiti, ba a zuba ƙasa ko fetur a rauni.

Tambaya: Wane mai ake haɗawa da fetur, kuma ko zan iya zuba tsohon baƙin mai na mota a tankin man da ke jiƙa sarƙa?

Amsa: Ana haɗa fetur da man 2T mai kyau, kuma ma'aunin da Stihl da Husqvarna suka bayar ga mansu shi ne 50 da 1, wato mililita 100 na mai a cikin lita 5 ta fetur, idan littafin injinka ya faɗi wani ma'auni daban, shi za ka bi. A haɗa a jarka, a girgiza, a zuba bayan injin ya huce, sannan a matsa aƙalla mita 3 daga wurin kafin a tayar. Tsohon baƙin mai kuwa bai dace ba, domin yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cinye famfon mai da ruwan zarto, kuma yana fantsama a fatar mai aiki da ƙasar gona. Ka riƙa lura da abin da injin yake fitarwa: sarƙa mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya kuma gari take fitarwa, tana sa mutum ya danna da ƙarfi, wanda hakan yake ƙara haɗarin harbin baya. Busasshiyar kirya da ɓawon da ya sha ƙurar hunturu suna dakusar da sarƙa da wuri, saboda haka ka tafi da magagari mai zagaye daidai da girman haƙorin sarƙarka, ka wasa ta duk lokacin da ka tsaya ƙara mai, injin a kashe, hannunka cikin safa.