Amsa: Fenrir da macijin duniya 'yan'uwa ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kyarkecin nan Fenrir da macijin Jormungand 'yan'uwa ne a tatsuniyoyin mutanen Sikandinebiya na da. E, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubansu Loki, abin bautar nan mai yaudara, uwarsu Angrboda daga jinsin ƙattai, ta ukunsu Hel mai mulkin matattu.

Macijin, Odin shugaban alloli ne ya jefa shi teku, ya girma har ya kewaye duniya yana cizon wutsiyarsa. Labarin Fenrir ya fi burge ni. Sau biyu yana tsinka sarƙar da alloli suka ɗaure shi da ita, sai da wadanni suka ƙera wata igiya mai suna Gleipnir, siririya kamar zaren alharini. Ya ƙi a ɗaure shi sai Tir, ɗaya daga cikin allolin, ya sa hannu a bakinsa a matsayin jingina. Da ya gane yaudara ce, ya guntule hannun.

Inda ake yawan kuskure shi ne Sleipnir, dokin Odin mai ƙafa takwas. Shi ma ɗan Loki ne, amma Loki uwarsa ce ba ubansa ba, domin rikiɗa ya yi ya zama goɗiya. Kada kuma ka dogara da finafinai, suna sauya labarin.

Yawancin wannan daga littafin Edda na Snorri Sturluson yake, wanda Kirista ne, ya rubuta a Aisland wajen 1220. In binciken makaranta kake yi, nemi malamin adabi ya nuna maka ingantacciyar fassara.