Kishiyata, waya tana ƙirga amma ba ta goyo

Kishiyata, na ga saƙonki. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kin lura duk wata, kamar mako guda kafin ki yi fashin salla, sai ranki ya yi baƙi, hayaniyar yara ta riƙa sara miki kai, ki daki na tsakiyan a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ki shige bayi ki sha kuka. Wai har kin sa wata manhaja a waya tana ƙirga miki kwanaki, kuma kina tambaya ko a al'adarmu ya dace mace ta zaunar da mijinta ta ce masa ga makon da zai bi ta a sannu, ko kuwa zubar da kunya ne. Ai da ma jika ce ke iya tarar kaka da irin wannan zance. Da uwarki kika tara, da ta ce tukunyarta na ƙonewa ta miƙe.

Mijin namu ni da ke, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa jin wannan magana daga bakina ba. Kada ki ɗauka haƙurinmu ya fi naku. Ba a hannunsa cikin gida yake ba, shi ya sa. A hannun Inna yake, uwarsu.

An kawo ni babban gida ne a nan Argungu, sassa huɗu, mu matan 'ya'ya muna girki tukunya ɗaya. Inna kullum tana ƙofar ɗakinta da mazari da taskirar auduga, ka ce ba ta ganin kowa. Alhali ta san wadda ta ɗauki buta da azahar, ta san wadda ba ta ɗauka ba. A bayan ƙyauren ɗakinta akwai zane-zane da allin kaɗi, kowace da layinta. Na daɗe ina zaton lissafin adashi ne. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma karatun mata ta same shi wajen wata tsohuwar jaji, irin waɗanda suka gaji tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, kuma babin haila na Ahalari a kanta yake: wadda ta fara gani iyakarta kwana 15, wadda ta saba ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta in jini ya zarce, jinin biƙi kuwa iyakarsa kwana 60. Don salla aka koya mata ƙirgan. Ita ce ta ƙara masa wani aiki.

Bari in ba ki labarin ranar da na gane. Wajen 1975 ne, an fara farfaɗowa daga farin 1973, naira ta shigo muna ta rikita ta da fam da sule. Fadama ta yi kyau a shekarar, kowa ya ƙwallafa rai a kan shinkafa. Ranar casa aka tara 'yan gayya, girki kuma ya faɗa kan faccalata, matar ƙanin kakanki. Yarinya ce mai sanyin hali, ga goyo ga na yaye yana jan zaninta. Tun asuba take kan murhu cikin hunturu, ƙafa duk faso. Da hantsi mijinta ya shigo daga fadama, ya tsaya tsakar gida ya ce mutane na can da yunwa ita tana nan tana wasa, ya ɗanɗana miya ya ce ko gishiri babu. Ba ta ce uffan ba. Ta zare muciya daga talge ta ajiye a ƙasa, cikin turɓaya, ta ɗauki tulu ta kwara wa wutar ruwa. Toka ta tashi ta rufe mu. Ta shiga ɗaki ta ƙunshe kayanta a zani, ta gyara goyo, ta nufi zaure. Yaji, da rana tsaka, ranar gayya!

Kafin ta kai, Inna ta riga ta. Ta zauna a bakin ƙofar da ke fita zaure, ta miƙe ƙafa, tana ta murza mazarinta. Ta ce, "Ina zuwa?" Yarinya ta ce, "Gidanmu." Inna ta ce, "To madalla, hanya ba ta gudu. Riƙe mini abawar nan in tashi, gwiwata ta ƙage." Yarinya ba ta iya ƙin tsohuwa ba, ta riƙe. Da abawar aka ja ta har ɗaki. Can Inna ta kwance goyon da hannunta ta leƙo ta miƙa mini, ta ce in hura wata wutar, ta ce wa babbar faccalarmu ta ɗauki na yayen. Ɗanta kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce ya koma fadama abinci na tafe. Ina ruɗa tuwo ina jiyo kuka daga ɗakin, irin kukan da ke fitowa tun daga ciki. Ba a ce mata ta yi shiru ba. Da ta gaji aka dama mata fura, ta yi barci har la'asar. Abin da Inna ta ce mata, daga baya ita ta faɗa mini: "Ki zauna ɗakina har ki yi wanka. Ranar da kika yi, in tafiyar na nan a ranki, ni zan ɗaukar miki ƙunshin."

Kashegari da yamma faccalar tawa ta daina ɗaukar buta. Muka raba girkinta a tsakaninmu, ba wanda ya tambayi dalili. Da ta yi wanka Inna ta kira ta, ta ce, "To, ƙunshin fa?" Ta rufe fuska tana dariya, ta ce maganar gishiri ta wuce. Amma akwai guda da ba ta wuce ba. Ashe tun bara mijin ya karɓi jarinta na turara shinkafa da sunan aro, kuma in ta tambaya sai ya ce ba ta da kunya. A daren Inna ta sa aka kira shi gaban yayyensa. Daga shinkafar da aka casa aka auna mata haƙƙinta kafin a zuba ko tiya ɗaya a rumbu.

Inna takan ce ruwa ba ya tsami banza. Kwanakin nan ba su ƙirƙiro ɓacin rai, wanda aka danne ne suke tasowa da shi. Shi ya sa dokarta biyu ce: ba a yanke hukunci a cikinsu, ba a kuma zubar da abin da aka ji a cikinsu. A ajiye, in an yi wanka a duba wanda ya rage. Nan ne nake jin tsoron abin da kike shirin yi. Akwai namijin da in kin ba shi lissafin, to kin ba shi sanda. Duk ranar da kika kawo ƙorafi na gaskiya sai ya ce ai lokacin ne ya zo. Akwai kuma wanda zai kwashe yara ya fita da su ki samu barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarun da na yi ina ungozoma, ina zama da ma'aikatan asibiti, na ji bayanin abin da Inna ke zanawa da alli. Wasu sinadarai biyu ne, isturojin da furojestaron. Ƙwai kan fita kamar kwana 14 kafin jini, daga nan su hau, in ciki bai shiga ba su faɗo, kuma a wajen faɗowar ne wasu mata ke jin ƙunci, nono ya yi nauyi, barci ya ƙi. Kwana 28 da ake faɗa ba doka ba ce, daga 21 zuwa 35 duk lafiya lau. Mai shayarwa da mai allurar tazara ta wata 3 kuwa lissafinsu kan birkice, kada waya ta ruɗe ki. Kuma ki ci abinci, na san ki da shayi da burodi. Jini ne ke fita, sai an mayar: hanta, wake, zogale, kifi. In yana wuce kwana 7 ko yana zuwa da gudaji, je a auna jininki, ƙarancinsa kaɗai ya isa ya sa mace kasala da saurin fushi.

Ba kuma duk abin da muka yi ne daidai ba. Kunun kanwa da ruwan jego mai ƙuna sun kumbura mata da yawa, likitoci a Zariya sun daɗe da nuna yadda suke taɓa zuciya. Mai jegon da ta daina magana, ta ƙi kallon jaririnta, sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi. Don haka ki saurare ni da kyau. Ki riƙa rubuta yadda kika wuni kullum, wata biyu a jere, abin da likita zai nema ke nan. In ƙuncin yana washewa bayan jini ya zo, to na wata ne. In ba ya washewa, ko kika ji kin tsani ranki, ko kina tsoron abin da hannunki zai yi wa yaro, ranar za ki je asibiti, ba sai kin jira komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke ba ni takaici da zamanku na yanzu, kowace ta kulle get, ita da miji da yara, maƙwabciya ko sunanta ba a sani ba. Kun ce kun huta da fitinar babban gida. Kun huta, ban musa ba, amma wa zai kwance miki goyo? Kuma kuna mantawa cewa mai fashin salla ba a hana ta zikiri da salati da addu'a ba, sai ku bar zuciya fayau mako guda kuna latsa waya. A hajjin bankwana Nana A'isha kuka ta yi a Sarif da abin ya zo mata, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya same ta ya rarrashe ta, ya ce abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'ya matan Adamu. Kin ga dai miji ya sani, kuma ba a ce ta yi rashin kunya ba.

Naki mijin ban gama karantarsa ba, sau nawa ma na gan shi, kullum kansa a sunkuye. Ki kawo mini shi in kun tashi zuwa, in ji yadda yake amsa magana in an tsokane shi. Kafin nan, ki nemi mace ɗaya a layinku da za ku riƙa karɓar wa juna yara, ki yi girki mai yawa a kwanakin da kike jin ƙarfi. Na tsakiyan nan kuma da ke shan duka, in an yi hutu ki sa shi a mota daga Birnin Kebbi a sauke mini shi, ina da aiken da zan riƙa yi masa.